Cinikin Babur a Shagon da Ba a Cewa “Albarka”

Mu Hausawa ba a koya mana ciniki a aji, amma kusan kowa da shi ya tashi. Mai kaya ya faɗi kuɗi, kai ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya ce ka dai ƙara, ka juya kamar za ka tafi, ya kira ka ya ce kawo kuɗin. In abin awo ne kuma ka nemi gyara. Duk wannan tsari ya ginu ne a kan cewa kaya ɗaya ne, kuɗinsa ɗaya, kuma mutumin da ke gabanka shi ke da ikon ragewa. To a ƙasashen da yawancinmu muke karatu ko neman abinci yanzu, babbar sayayya ba haka take tafiya ba. Za a miƙo maka takarda da aka buga da kwamfuta, layi takwas ko goma, a ƙasa a rubuta jimla, a ce maka ai farashin kamfani ne. Da yawanmu da ganin takardar sai jikinmu ya yi sanyi, mu ɗauka babu ƙofar magana. Akwai ƙofa, sai dai ba a inda muka saba nemanta take ba. Abin da na gani ke nan a cinikin babur ɗina na farko a birnin Pune na ƙasar Indiya, cikin watan Disamba na 2024.

Ina karatun digiri na uku ne a fannin ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Savitribai Phule, amma ina zaune a Kondhwa, unguwar da ɗalibai baƙi da Musulmi suka fi yawa, inda samun nama halal da gidan haya ba ya wahala. Tsakanin gida da jami'a akwai kusan kilomita 15. Irin aikinmu kuwa bai san dare ko ranar hutu ba. Idan ka shuka ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji aka ce a duba su bayan awa goma sha biyu, to ko ƙarfe tara na dare ne sai ka je, in ba haka ba aikin mako guda ya tashi a banza. Bas na birni yana da araha, amma sai na canja mota, kuma tafiyar kan ci awa ɗaya da rabi idan an shiga cunkoson shataletalen jami'a, inda ake aikin layin dogo na cikin gari. A-daidaita-sahu kuma da dare yakan ci mini rupi 250 zuwa 300 a tafiya ɗaya. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga man da babur zai sha zuwa da dawowa bai wuce na rupi 70 ba.

Pune gari ne na babura. Hedikwatar kamfanin Bajaj, mai ƙera Boxer ɗin 'yan acaɓa da da yawa daga cikin a-daidaita-sahun da ke yawo a Kano, tana Akurdi ne a gefen birnin. A nan mace a kan babur ba abin kallo ba ce. 'Yan mata, iyaye mata masu kai yara makaranta, malamanmu na jami'a, har da masu niƙabi a Kondhwa, duk za ka gan su a kan ƙananan babura marasa giya, irin su Honda Activa da TVS Jupiter da Suzuki Access, masu kama da roba-roba ko Vespa ta da. Amma ni 'yar Kano ce, kuma sai da na fara cinikin da Abba kafin na yi da dila. Da na faɗa masa a waya sai ya yi shiru, can ya ce, “Ke da babur a ƙasar mutane?” Na ce masa, “Abba, ka duba ka gani, wanne ya fi: in riƙa tsayawa bakin titi ƙarfe goma na dare ina shiga motar wanda ban sani ba, ko in hau abina in taho gida?” Ya ce in ba shi kwana biyu. Da ya amince sai ya kafa sharaɗi, ba hawa sai da hular kwano, ba kuma hawa babbar hanyar bayan gari. Wata ƙawata 'yar Maraɗi dariya ta yi ta yi mini, ta ce su a garinsu mata sun daɗe suna tuƙa babur zuwa kasuwa da wurin aiki ba wanda ya ɗaga kai.

Kuɗin da na haɗa rupi 97,000 ne. Wani ɓangare na tara shi ne daga alawus ɗin tallafin karatu na tsawon wata goma sha ɗaya, yayana ya cika wani abu, Umma kuma ta ba ni ɗaukar adashenta gaba ɗaya. A lokacin rupi ɗaya yana kusan naira 18, wato duk rupi 1,000 da aka ɗora mini a takarda naira 18,000 ce ta gida. Wanda ya san yadda ake haɗa zubin adashe ba zai ji ana cewa “ai ɗan dubu biyu ne kawai” ya ɗauke shi ƙaramin abu ba.

Na fara duba na hannu. A Rasta Peth akwai jerin masu sayar da tsofaffin babura, kuma a can ciniki irin namu ake yi, a taya a ƙi a kira ka. Abin da ya sa na bar su shi ne takardu. Babur na hannu yana iya zuwa da bashin banki da ba a gama biya ba, ko tarar 'yan sanda da ta taru a kan lambarsa, sannan sai an canja sunan mai shi a ofishin sufuri na yanki, wanda kowa ke kira RTO. Ɗan ƙasa zai iya jure wannan zirga-zirga. Baƙuwa mai bizar karatu kuwa ba ta son sunanta ya haɗu da wata rigima da ba ta san mafarinta ba. Sai na yanke shawarar sayen sabo mai cc 110.

Ranar farko da na shiga shagon dila, saurayin da ya tarbe ni ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi, ya tambaye ni ƙasarmu. Da na ce Najeriya, na kuma jefa masa kalma biyu uku na Indiyanci, sai ya yi ta murna. Yawancinmu mun tashi da finafinan Indiya, mun san kalmomin soyayya da na kuka da na rantsuwa, amma babu fim ɗin da ya koya mana yadda ake tambayar kuɗin inshora. Ya kira ni “Madam”, ni kuma na kira shi “Bhaiya”, wato yaya, kamar yadda ake kiran duk namijin da kake hulɗa da shi a kasuwa. Ga abin da ya buga mini:

Kuɗin babur a cikin shago: 79,500
Harajin hanya da rajista: 9,600
Inshora: 7,900
Kuɗin ɗawainiya: 2,500
Kayan ƙari: 4,800
Ƙarin garanti: 1,400
Yarjejeniyar sabis ta shekara: 1,500
Hular kwano: 900
Jimla: 108,100

Babur ɗin da aka tallata a ƙasa da rupi 80,000 ya zama na 108,100 kafin ya taka titi, kusan naira miliyan biyu ke nan. Na tambaye shi ko da ragi, ya yi murmushi ya ce, “Madam, farashin kamfani ne, ko'ina kika je haka za ki same shi.” Na yi godiya, na nemi ya bar mini takardar, na fito.

Ina da gwaggo mai sayar da atamfa a gida, tana saro kaya a Kantin Kwari. Ita ta koya mini abubuwa uku tun ina rakiyarta kasuwa. Kada ki shiga rumfa da yunwar kaya a fuskarki. Ki san kuɗin abu a rumfa uku kafin ki taya a ta huɗu. Kada kuma ki kushe kayan mutum don ya rage miki, domin wanda kika ɓata wa rai ba ya sallamawa. Duk ukun sun yi mini aiki a Pune. Abin da na ƙara a kansu shi ne tambaya ɗaya da nake yi wa kowane layi na takardar: wannan kuɗin aljihun wa zai shiga?

Da na bi su ɗaya bayan ɗaya tare da wata abokiyar aikina 'yar asalin jihar Maharashtra, sai takardar ta rabu gida uku. Gida na farko kuɗin kamfani ne, wato farashin cikin shago, wanda ya riga ya ƙunshi harajin kaya da ake kira GST. A lokacin harajin kashi 28 cikin ɗari ne, sai a watan Satumba na 2025 gwamnati ta rage shi zuwa kashi 18 ga baburan da ba su wuce cc 350 ba. Wannan farashi yana nan a shafin kamfanin na intanet gari-gari, kuma saurayin bai yi mini ƙarya ba, abin da dila ke iya taɓawa a cikinsa kaɗan ne. Gida na biyu kuɗin gwamnati ne, harajin hanya da rajista. Jiha ce ke yanka shi, ana kuma ba da rasit ɗinsa, don haka abin da ya kamata ka nema a nan shi ne adadin da aka karɓa a hannunka ya yi daidai da wanda ke kan rasit ɗin. Gida na uku shi ne duk sauran layukan, kuma nan ne ribar dila take. A takardata wannan gidan ya kai rupi 19,000. Da na yi ciniki irin na gida, da a kan 79,500 ɗin zan ƙare ƙarfina, inda ba ya motsi, in bar 19,000 ɗin da ke iya motsi.

Inshora ce ta fi buƙatar a fahimce ta. Tun daga 1 ga Satumba 2018, bisa umarnin Kotun Ƙolin Indiya, duk sabon babur dole ne ya fita da inshorar shekara biyar ta biyan diyya ga wanda ka buge ko ka yi wa ɓarna. Kuɗin wannan ɓangare gwamnati ce ke ƙayyade shi, kuma tun watan Yuni na 2022 rupi 3,851 ne ga babur mai cc 75 zuwa 150, ban da haraji. Ko wane kamfani ka je, ba a ƙari ba a ragi. Ɓangare na biyu shi ne inshorar jikin babur ɗinka, idan ya lalace ko aka sace shi, wadda akan yi ta shekara ɗaya, sai kuma ta hatsarin da ka iya samun mai babur ɗin. A nan ne farashi ke bambanta, kuma doka ba ta tilasta maka sayen inshora a hannun dila ba. Na shiga intanet na nemi farashi a kamfanoni uku da irin sharuɗɗan da ke takardata, mafi tsadarsu bai wuce 6,300 ba. Na ɗauki hoton kowanne a wayata.

Kuɗin ɗawainiya kuwa, idan ka tambaya za a ce maka na sauke babur daga mota ne, da wanke shi, da zirga-zirgar takardu. Hukumomin sufuri na jihohin Indiya da dama sun sha gargaɗin diloli cewa ba su da ikon karɓar wannan kuɗi daga mai saye. Hular kwano ma dokokin ababen hawa na tarayya sun wajabta a haɗa wa mai sayen sabon babur da ita, mai tambarin inganci na ISI. Kayan ƙarin kuma da na nemi a fayyace mini su, sai ga ƙarfen kariya na gefe, da rigar kujera, da tabarmar ƙafa, da matakin ƙafa na mai zaman gefe, da marfin rufe babur, da wasu ƙyale-ƙyale na hannu. An jera su kamar dole, alhali duk zaɓi ne.

Bayan haka na je shaguna biyu na wasu dilolin kamfanin, ɗaya a cikin gari, ɗaya a Pimpri, na karɓo takardunsu. Farashin cikin shago ɗaya ne a duka ukun, amma jimlar ta bambanta da fiye da rupi 5,000. Wani ba ya rubuta kuɗin ɗawainiya, sai ya kumbura kayan ƙari. Wani inshorarsa ta fi sauƙi, amma ya ce sai an ɗauki yarjejeniyar sabis. Da takardu uku a jaka, na san inda kowa ya ɓoye ribarsa.

Lokaci ma wani makami ne. Mutanen nan suna son sayen abin hawa a ranakun da suke ganin masu sa'a ne, kamar Dasara da Dhanteras kafin bikin Diwali, da Gudi Padwa, sabuwar shekarar Maratawa. A irin waɗannan ranaku shago cike yake, ana ta tallan rangwame, amma ba wanda ke da lokacin zama ya saurari baƙuwa mai tambayoyi. Disamba ta bambanta. Masu saye suna ja baya, domin babur ɗin da aka ƙera aka yi wa rajista a Disamba, idan an zo sayar da shi nan gaba, ana ƙirga shi na tsohuwar shekara ne ko da kwana goma ya raba shi da na Janairu. Dila kuwa yana son ya kwashe kayan da suka rage masa kafin shekara ta juya, ma'aikacinsa kuma yana da adadin da ake so ya cika a wata. Na koma shagon farko ranar wata Talata da hantsi, a makon ƙarshe na watan, lokacin da ma'aikata suka fi masu saye yawa.

Na koma can ne saboda shi ya fi kusa da gida, kuma wurin da ka sayi babur nan za ka riƙa kai shi sabis. Abokiyar aikina ta raka ni, amma mun yi da ita cewa ni zan yi magana, ita kuma ta saurari abin da suke faɗa wa juna da Maratanci. Na ajiye takardarsa a tebur na ce, “Bhaiya, na zo saye ne yau, ba kallo ba. Kuɗina yana waya. Amma mu bi takardar nan layi-layi.”

Na fara da kuɗin ɗawainiya. Ban ce masa haramun ne ba, ban kuma yi barazanar kai ƙara ba. Na ce, “Idan zan biya, ina son a rubuta shi a rasit mai sunan shago da wannan sunan.” Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce bari ya tambayi manaja. Bai yi minti biyar ba ya dawo ya ja layi a kai. A kan inshora na nuna masa hotunan da na ɗauka, na ce na fi son in saya ta hannunsu don idan wani abu ya faru gyaran ya zo da sauƙi, amma in bambancin zai kai kusan dubu biyu, zan sayo a waje in kawo musu takardar. Ya ce hakan zai jinkirta rajista. Na ce ba na sauri. Ya daddanna kwamfuta, ya cire wani ƙari da ban nema ba, inshora ta dawo 6,100. Yarjejeniyar sabis na ce a cire, tunda sabis ɗin farko-farko kamfani ya riga ya ɗauke kuɗin aikinsu, mai da kayan gyara kawai ake biya. A kayan ƙari na ɗauki ƙarfen kariya kaɗai a kan 1,500, domin sabuwar matuƙiya ba ta rasa faɗuwa a wurin ajiye babur. Ƙarin garantin na bar shi yadda yake, saboda karatuna zai ɗauki shekaru, kuma ranar da zan tafi gida in sayar wa wani ɗalibi, takardar garanti za ta ƙara masa daraja.

A nan ne ya kawo zancen bashi. Ya ce me zai sa in zubar da kuɗina gaba ɗaya, alhali zan iya ba da kaɗan in riƙa biyan sauran wata-wata. A gida mun saba cewa mai kuɗi hannu shi ne sarki, shi ake yi wa ragi. A irin waɗannan shaguna ba lalle ba ne, domin dila yana samun la'ada daga kamfanin da ya ba ka bashin, don haka mai biya nan take ba ya burge shi yadda muke zato. Na ce masa ba na mu'amala da kuɗin ruwa, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Sai a ƙarshe na taɓa farashin babur ɗin kansa. Na tambaye shi watan da aka ƙera wanda za a ba ni. Watan da shekarar suna cikin lambar shasi, kuma ya kamata duk mai saye ya nemi a nuna masa. Ya ce na Oktoba ne. Na ce, “To nan da 'yan kwanaki zai zama na bara. Ni ba zan jira na Janairu ba, amma a duba mini wannan.” A wannan karon manajan da kansa ya fito, dattijo mai farin gashi, ya zauna ya ce, “Madam, kin cire mana komai, me kika bar mana?” Na ce, “Sa, na bar muku inshora da garanti da sabis na shekara huɗu, kuma akwai ɗalibai 'yan ƙasarmu da za su tambaye ni inda na saya.” Ya yi dariya, ya ce zai rage 1,000. Na ce 3,000. Ya ce ba zai yiwu ba. Na tattara takarduna na sa a jaka, na yi masa godiya da gaske, domin da ya ƙi, da Pimpri zan tafi. Ban kai ga miƙewa ba ya ce 2,000, kuma wannan ne ƙarshe. Na ga alamar iyakarsa ke nan, na amince. Lissafi ya tsaya a 96,100, ya yafe ɗarin da ke kai. Da na nemi gyara irin ta gida, sai ya sa aka haɗa mini da rigar kujera da tabarmar ƙafa. Hular kwanon ma ta fita daga lissafi, na kuma gwada har sai da na sami wadda ke zama daidai a kan hijabi ba tare da ta matse ni ko ta yi rawa ba.

Daga 108,100 zuwa 96,000, bambancin rupi 12,100 ne, kusan naira 218,000. Ya fi rabin abin da Umma ta ba ni.

Ciniki bai ƙare da faɗuwar farashi ba. Na ba da kafin alƙalami kaɗan, na ce sauran sai na ga babur ɗin da idona, tunda ba a cinikin biri a sama. Da zarar an yi wa babur rajista da sunanka ya zama naka, ko da tabo a jikinsa. Washegari da rana na je aka fito da shi haske, na duba fenti da fitilu da birki da tayoyi da adadin kilomitar da ke agogonsa, na kuma haɗa lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takarda. Na tabbatar an rubuta sunana harafi-harafi kamar yadda yake a fasfo, domin sunayenmu suna ba su wahala, kuma gyaran suna bayan rajista doguwar tafiya ce. Ga ɗalibi baƙo, abin da aka nema a wurina shi ne fasfo da biza, da takardar izinin zama ta ofishin rajistar baƙi na FRRO, da shaidar cewa ni ɗalibar jami'a ce, da yarjejeniyar hayar gida. Lasisin koyo kuwa tun kafin nan na yi shi. Yana aiki wata shida, kuma bayan kwana 30 ana iya shiga gwajin cikakken lasisi. Na koyi tuƙin ne a babur ɗin abokiyar aikina ranakun Lahadi, abin da ya fi cin lokaci shi ne sabawa da bin hannun hagu.

Ranar ɗaukar babur sun shirya mini abin da suke yi wa kowa, furanni da kwakwa da lemon tsami da ake sawa a ƙarƙashin taya a taka. Na yi musu godiya na ce ni addu'ata zan yi. Ba wanda ya ji haushi. Suka cire kayan, saurayin ya miƙo mini makulli, muka yi hoto, na karanta addu'ar hawa abin hawa na kama hanyar Kondhwa a hankali kamar mai tallan ƙwai. Bayan 'yan kwanaki lambata mai farawa da MH 12 ta fito.

Wani ɗan'uwa da na ba labarin ya ce ai da na ƙara matsawa da na samu wani dubun. Mai yiwuwa ne. Amma ni abin da na je nema shi ne farashin adalci, wanda a ganina yana da alama biyu: ka san abin da kowane kwabo ya saya maka, kuma ku rabu da mai kaya kuna iya sake haɗa ido. Saurayin nan albashinsa kaɗan ne, da la'ada yake cikawa, kuma shi ne yake ɗaga wayata yanzu idan ina son a sa ni a layin sabis da wuri. Dila ya ci ribarsa, ni ma ban biya kuɗin abin da ban nema ba.

Na san masu karanta wannan ba duka ke Indiya ba. Wani yana Kuala Lumpur, wani yana Kampala ko Alƙahira, wata tana Ingila tana shirin sayen ƙaramar mota. Dokoki da sunayen haraji za su bambanta, amma takardar jimla kusan ko'ina haka take, akwai na kamfani, akwai na hukuma, akwai na mai shago. Ka nemi a rubuta maka komai, ka tafi da takardar gida ka kwana a kanta, ka karɓo irinta a wasu wurare biyu, ka kuma tambayi ɗan ƙasa wanda ba shi da la'ada a cinikin. Kada ka ji nauyin tambaya don kai baƙo ne, ko don Turancinka ko Larabcinka bai yi kama da nasu ba, matambayi ba ya ɓata. Ga 'yan'uwana mata kuma, ba laifi ba ne ki tafi da rakiya, amma ki riƙe maganar a bakinki, domin idan mai shago ya ga wani ne ke yanke hukunci, da shi zai yi cinikin, ke kuma ki biya.

Yanzu babur ɗin ya haura kilomita 9,000. Aikin ɗakin gwaji bai sake lalace mini saboda rashin abin hawa ba, kuma ɗalibai biyu 'yan Katsina da suka zo bayana sun ari tsohuwar takardata mai jan layuka kafin su je nasu cinikin. Abba har yau duk ranar Juma'a idan mun yi waya sai ya tambaya, “Kina dai sa hular ko?” Ina sawa. Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa mu gama abin da ya kawo mu lafiya.